Dakta Kwalba Tsakanin Ƙwaro da Latas ɗin Teku

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Jatau cikin birnin Zariya a shekarun nan na mulkin soja, in ka ce masa Malam Jumare sai ya tsaya yana tunani. Amma kana cewa Dakta Kwalba zai fashe da dariya tun kafin ka rufe baki.

Shekara ashirin da uku Jumare ya yi yana aiki a wani ɗakin binciken tsirrai da ƙwari a bayan gari. Aikinsa wankin kwalabe ne da shara da kai takarda daga wannan ofis zuwa wancan. Ranar da ya yi ritaya ya dawo gida da wata farar riga irin ta masu bincike, wadda aka yar saboda aljihunta ya ƙone, da wani madubin ƙara girman abu mai tsagewa a tsakiya, da kalmomin Turanci kamar goma sha biyar waɗanda shi kaɗai ya san ma'anarsu. Tun daga ranar ya hana kowa ya ce masa Malam.

"Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai," haka yakan ce. "Duk abin da farfesoshin nan suka zuba a kwalba, ni ne na ƙarshen ganinsa."

"Ai dole," in ji matarsa Larai, "tunda kai ke zubarwa."

Wata rana cikin damina ƙanin Larai mai suna Lawal, wanda ke aikin lodi a tashar jiragen ruwa ta Legas, ya zo ganin gida. Cikin tsarabarsa har da wata kwalba cike da ruwa, a cikinta wani koren abu yana lilo, falle-falle, marar kauri kamar ledar burodi.

"Yaya, na kawo miki ne ki ga ikon Allah," in ji Lawal. "Ciyawar teku ce, masu jirgi suna ce mata latas ɗin teku. A jikin duwatsun bakin ruwa take fitowa. Wallahi na ga mutanen wani jirgi suna cinta da shinkafa."

Larai ta leƙa ta yatsine fuska. "Allah ya kyauta. Wannan ko akuyata ba za ta ci ba."

Kafin ta ajiye kwalbar Jumare ya warce ta. Ya zaro madubinsa, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Lawal, ka san abin da ka ɗauko kuwa?"

"Ciyawa mana."

"Jahilci ciwo ne. Wannan sifesimin ne."

"Mene ne kuma sifesimin?"

"Ba a fassara shi. In aka fassara sai ya lalace."

Lawal ya yi dariya. "To Dakta, in gaya maka, sai a ruwan gishiri take rayuwa, kuma ko a hakan ba ta daɗewa in an raba ta da teku."

"Ni za ka koya wa? Kai dai je ka ci gaba da ɗaukar buhu."

Da la'asar Jumare ya sa farar rigarsa, ya rungumi kwalba ya nufi gindin durumin ƙofar gidan Mai unguwa Haruna, inda dattawa ke zama. Ya tarar da Tanko a tsugune yana magana. Tanko mutumin ƙauye ne, shi ke noma wani fili na Mai unguwa a gindin ganuwa wajen Ƙofar Kibo, in kaka ta yi su raba amfani. A bana kabewa ya shuka, ta yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo, sai ɗan wake a gefe.

"Ranka ya daɗe, darɓa ce, 'yan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ta ɗan taɓa waken," in ji Tanko. "Ba wani abu ba ne, toka zan barbaɗa mata."

"Toka!" Jumare ya buga tsaki. "A wannan zamani? Ranka ya daɗe, akwai wani ɗan ƙwaro mai zagayen baya kamar an kifa ƙoƙo, ja da ɗigo-ɗigon baƙi. Ba shi da abinci sai darɓa. Da idona na ga farfesoshi suna kiwonsa kamar kaji."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, ya taɓa gani. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma da ya ga an zuba masa ido, sai ya dubi kwalbar da ke hannunsa, ya dubi Tanko, nan take wani abu ya faɗo masa a ka.

"Jama'a, ku saurara. Zan yi binciken da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan. Zan gwada halittu biyu, ɗan ƙwaron tudu da latas ɗin teku, in auna su in ga wanda ya fi amfani ga ɗan Adam. Ɗaya ja, ɗaya koriya. Ɗaya zai tsare mana gona, ɗaya ta cika mana tukunya."

Ya'u tela, wanda ke zaune yana aikin wuyan wata babbar riga, ya ɗago kai. "Dakta, me ya haɗa kifi da kaska?"

"Ilimi ne ya haɗa su. Kai da ba ka wuce zare da allura ba, ina za ka gane?"

"Ni dai ban taɓa ɗinka hula a ƙafar wando ba."

Aka yi dariya. Jumare bai kula ba, ya matsa kusa da Mai unguwa ya sassauta murya. "Ranka ya daɗe, nan da mako uku a tara jama'a a ƙofar gidan nan. A gayyato malamin gona. In ya gani ya kai labari sama, sunan wa za a ji a rediyo? Ƙofar Jatau, unguwar Mai unguwa Haruna."

Mai unguwa mutum ne mai sauƙin kai, amma yana da rauni guda, yana son ya ji an ambaci sunansa. Ya shafa gemu ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Aka tsayar da ranar Asabar.

Washegari da hantsi gwaggon Larai, wata tsohuwa mai suna Mairo, ta zo daga Tukur-Tukur a ƙasa, ta iso a galabaice. Larai ta ɗebo mata ruwa a randa. Tsohuwa ta yi bisimilla ta kafa kai, sai ta feso shi har kan zanen Larai.

"Larai! Me na yi muku? Asiri za ku yi mini da tsufana?"

Larai ta ɗanɗana, ta ruga ta buɗe randa. Ga koren abu yana yawo a ciki, ga kwanon gishirinta a gefe, an yashe shi tas. Jumare ya fito daga ɗaki yana gyara riga.

"Wa ya taɓa mini teku?"

"Teku? Malam, randar shanmu ce teku?"

"Tun jiya da magariba ta zama teku. Gwaggo, ki gode wa Allah. Mutane na biyan kuɗin mota har Legas don su ɗanɗana abin da kika sha yanzu a zaune."

Gwaggo Mairo ta ɗauki takalmanta a hannu ta fice tana sallallami. Larai kuwa ta juye teku a tsohon bahon wanki, ta tura shi bayan ɗaki cikin rana, ta ce in ya sake kusantar randarta sai dai a kira maƙwabta su raba su.

Kwana uku latas ya yi a baho. A na huɗu ya yi fari fat kamar tsumma, ya narke, ya soma wani irin wari wanda ya sa akuyar Larai ta koma zaure da zama. Jumare ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu. Lawal ya riga ya koma Legas, ga shi an riga an sanar a masallaci. Ya zubar da ruwan a ɓoye ya fita yawon tunani.

Bai yi nisa ba ya iso babban kududdufin bayan unguwa, inda aka haƙi ƙasar gini tun zamanin kakanni, inda kuma duk kwatar unguwa ke gangarawa. Sai ya ga fuskar ruwan ta rufe da gansakuka, koriya shar. Ya tsaya cak. Ya zaro madubi.

"Allahu akbar. Ashe ciyawar teku ta biyo ni."

Ya samo bokiti ya gangara. Ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya ƙara taku ɗaya, laka ta karɓi ƙafar dama. Ya ja, ta karɓi ta hagu. Ya yi tangal-tangal, ya tafi ta baya, tsundum! Da ya taso, gansakuka ta yi masa rawani har da amawali. Ya'u tela na wucewa a kan keke ya ja birki.

"Dakta, lafiya? Ko iyo ake koyo?"

"Awo nake yi," in ji Jumare yana tofar da ruwa. "Na gano cewa teku tana da jijiya ta ƙarƙashin ƙasa, daga Legas har Zariya. Nan ne bakinta."

"To ka yi a hankali kada jirgi ya taka ka."

Da ya gama da ɓangaren teku sai ya koma kan ƙwaro. Kwana biyu yana bin gonakin wake da gwangwanin madara, ya samu guda huɗu kacal, jajaye masu ƙyalli, biyu ma suka tashi da ya buɗe murfi don ya ƙirga su. A rana ta uku, can bayan ganuwa, ya ci karo da wata gunar daji da ta yaɗu a kan juji, ganyenta cike da ƙwari. Surarsu ɗaya da waɗancan, sai dai sun fi girma, launinsu na ruwan goro ne marar ƙyalli, kuma kowanne yana da ɗigo goma sha biyu. Ganyen gunar duk ya zama raga, amma Jumare ba ganye ya zo kallo ba. Ya cika gwangwani biyar, ya saki jajayen biyu ya ce su je su ƙaro girma.

Ya kai wa Mai unguwa, aka kira Tanko. Tanko na leƙa gwangwani ya ja da baya.

"Ranka ya daɗe, wannan ai na san shi. Ba ya cin darɓa, ganye yake ci. A ƙauyenmu in muka gan shi a kan kabewa murƙushe shi muke yi."

"Ka ji ko?" in ji Jumare. "Shi ya sa ƙauye ba ya ci gaba. Suna kashe sojojinsu da hannunsu. Tanko, ɗigo nawa ka gani?"

"Ban ƙirga ba."

"Goma sha biyu. Ka san soja? Mai igiya biyu kofur ne, mai uku saje. To haka ƙwaro yake. Mai ɗigo kaɗan kurtu ne. Wannan da kake gani janar ne. Ni da zan kawo wa Mai unguwa kurtu?"

"Dakta, janar ɗin ma ai ci yake yi. Ya ma fi kurtu ci."

Ya'u ya tuntsire da dariya har allura ta soke shi. Mai unguwa ya waiga hagu da dama ya ce a rage murya, zamani ne na soja. Sannan ya dubi farar riga, ya dubi tsummokaran Tanko, ya yanke hukunci.

"Tanko, fili dai nawa ne. A bar masu ilimi su yi aikinsu."

Tanko ya sunkuyar da kai. Rabin kabewar nan da shi zai ciyar da iyalinsa har rani. Ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya tashi. Yana tsaye yana kallo Jumare ya bi kunya-kunya yana zazzage gwangwani, yana cewa, "Ku shiga, ku kama aiki, kada ku bar ko ɗaya."

Ba su bari ba kuwa. Bayan mako guda ganyen kabewa ya soma huda-huda. Tanko ya je ya samu Jumare a gida.

"Dakta, zo ka ga ganye."

Jumare ya zo ya duba da madubi. "Madalla. Wannan shi ake kira bantileshin. Tagogi suke buɗe wa ganye don iska ta shiga. Kai ɗakinka ba taga?"

"Akwai, amma akwai bango a jikinta."

Bayan wasu kwanaki ƙwayayen da janar-janar suka saka suka ƙyanƙyashe, wasu 'yan tsutsotsi rawaya masu ƙaya suka bazu a bayan ganye. Tanko ya sake dawowa. Jumare ya ce masa ƙarin sojoji ne aka turo daga bariki, kada ya kuskura ya taɓa su. Tanko ya nufi wurin Mai unguwa, aka ce masa ya haƙura har Asabar, kada ya ɓata bincike. Darɓa kuwa tana nan a kan wake tana shan iska, ko kallonta ba wanda ya yi.

Ranar Asabar tun da safe rigima ta tashi a gidan Jumare. Ya shigo da bokitin gansakuka ya dire a gaban murhu.

"Larai, miya za ki yi mini. Ki sa daddawa da yawa."

"Da wannan? Ba a tukunyata ba."

"Matar Dakta ce ke, ya kamata ki shiga tarihi."

"Ka shiga kai kaɗai, in ka dawo ka ba ni labari."

Sai ya aro tukunya a maƙwabta ya haɗa murhu a bayan ɗaki. Ya zuba gansakuka da ruwanta, ya watsa daddawa da barkono da ɗan manja. Tukunya na fara ɗumi ya sauke, domin ya taɓa jin wani farfesa yana cewa wuta tana kashe bitamin.

Ƙofar gidan Mai unguwa ta cika. An jera bencina, an aro allo daga makarantar firamare, mata sun leƙo ta kan katanga. Malamin gona, wani saurayi mai natsuwa da ake kira Malam Kabir, ya iso a kan babur aka ba shi kujera kusa da Mai unguwa. Jumare ya ja layi a tsakiyar allo. A dama ya zana wani abu kamar kunkuru, a hagu wani abu kamar tsumma. Ya yi gyaran murya.

"Bambanci na farko. Ƙwaro yana da ƙafa shida. Latas ba shi da ko ɗaya."

"Allahu akbar," in ji Ya'u. "Mako uku ana bincike."

"Na biyu. Ƙwaro yana tashi sama, latas ba ya tashi. Na uku, in ka jefa latas a ruwa sai ya ji daɗi, in ka jefa ƙwaro sai ya mutu. Na gwada da guda bakwai."

"Allah ya ji ƙansu," wani ya ce daga baya.

"Na huɗu, wanda shi ne zuciyar binciken. Ƙwaro ci yake yi, latas kuwa cinsa ake yi. A kawo tukunya!"

Ba wanda ya motsa, sai shi ya je ya kinkimo ta. Yana buɗe murfi mutanen bencin gaba suka koma na baya. Malam Kabir ya leƙa, ya toshe hanci da hankici.

"Malam, a ina ka samo wannan?"

"Dakta. Daga teku."

"Wannan ai gansakukar kududdufi ce. Latas ɗin teku falle ne mai faɗi, kuma ba ya rayuwa a ruwan daɗi. Wannan kuwa zare-zare ce."

"Yaro, lokacin da na fara aikin bincike kana tsumman goyo. Tafiya ce ta sa ta rame. Kai in ka taho daga Legas ta ƙarƙashin ƙasa, haka za ka iso da faɗinka?" Ya cika ludayi ya nufi Mai unguwa. "Ranka ya daɗe, kai ne uban taro. Bisimilla."

Mai unguwa ya dubi ludayi, ya haɗiye yawu. "Yau ina azumin nafila."

"Ranka ya daɗe, ga goro a bakinka," in ji Ya'u.

"Mantuwa ce. Dakta, ai mai magani shi ke fara sha."

Jama'a suka ɗauka baki ɗaya, "Ya fara! Ya fara!" Jumare ya duba ko'ina, ba hanyar fita. Ya rufe ido ya kurɓe ludayi guda. Abin ya tsaya masa a wuya kamar majina, ya tura shi da ƙyar, hawaye na zuba.

"Daɗi!" ya ce da shaƙaƙƙiyar murya. "Kamar miyar kuka ta je Makka ta dawo."

"To ƙara mana."

Ya ƙara na biyu. Ya ƙara na uku. Ya ɗebo na huɗu yana ɗaga shi sama don kowa ya gani, sai wani ɗan baƙin abu ya karkaɗa wutsiya a cikin ludayin, ya yi tsalle ya faɗo kan takalmin Mai unguwa. Talibambam ne, ɗan kwaɗon nan da bai riga ya yi ƙafa ba.

"Kifin teku ne," in ji Jumare da sauri.

"To kifin naka in ya girma zai hana mu barci da kuka," in ji Ya'u.

Ana cikin wannan dariya sai ga Tanko ya ratso taro. Bai yi sallama da kowa ba. Yana riƙe da ganyen kabewa guda, babu abin da ya rage a jikinsa sai jijiyoyi. Ya zo gaban Mai unguwa ya tsuguna, ya ɗaga ganyen ya rufe fuskarsa da shi.

"Ranka ya daɗe, kana ganina?"

"Ina ganinka sarai."

"To haka duka gonar take. Yau ko zomo ya shiga ba shi da wurin ɓuya."

Mai unguwa ya miƙe, ya tattara babbar riga, ya nufi Ƙofar Kibo. Jama'a suka ɗunguma a bayansa, Malam Kabir yana tura babur, Jumare a tsakiya yana ta bayanin bantileshin ga duk wanda ya yarda ya tsaya kusa da shi.

Da aka isa gindin ganuwa, Mai unguwa ya dafe kai. Gonar da ta kasance koriya shar ta koma kamar an shanya tsohon leshi. 'Ya'yan kabewa sun tsaya ƙanana, rana ta ƙone su, wasu ma an ƙwaƙule musu baya. Malam Kabir ya tsinko ƙwaro ɗaya ya ɗora a tafin hannu.

"Wa ya kawo waɗannan?"

Yatsu kamar arba'in suka nuna farar riga.

"Ranka ya daɗe, iri biyu ne masu kama da juna," in ji Malam Kabir. "Akwai mai ƙyalli, shi ne abokin manomi, darɓa yake ci. Wannan kuwa marar ƙyalli mai ɗigo goma sha biyu ba shi da sana'a sai cin ganyen kabewa da guna da kankana. Kowane manomi ya san shi. Ba wanda ya faɗa muku?"

Mai unguwa ya saci kallon Tanko, ya kawar da kai. Tanko ya duƙa ya ɗauki wata ƙonanniyar kabewa yana jujjuya ta a hannu.

Jumare ya matso gaba ya ɗaga yatsa. "Jama'a, kada a yi saurin yanke hukunci. A kimiyyance, in aka duba lamarin ta fuskar..."

Sai cikinsa ya yi wata irin ƙara, ƙululululu, kamar hadari ya taso daga gabas. Na kusa da shi suka dubi sama. Zufa ta karyo masa. Ya sake ɗaga yatsa.

"Ta fuskar..."

Ƙarar ta dawo, wannan karon da rakiya. Jumare ya dafe ciki da hannu biyu, ya waiga gabas da yamma. Gida ya yi nisa. Ya tsallake kunya ɗaya, ya tsallake biyu, ya ruga cikin gonar don ya samu inda zai fake, sai ya tuna sojojinsa ba su bar ganye ko ɗaya da zai rufe mutum ba. Ya yi kwana, ya kama ganuwa da rarrafe, ƙasa na zubowa, farar riga na kaɗawa, ya ɓace ta bayanta.

"A kawo wa Dakta buta!" Ya'u ya ƙwala. "Jirgi ya iso tasha!"

Kwana uku Jumare yana zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. Larai na dama masa kunun kanwa tana ajiyewa ba ta ce masa ko sannu, sai dai in ya wuce da gudu ta matsar da ƙafarta. A rana ta huɗu Mai unguwa ya aiko. Saboda kunyar da ya sha, ya bar wa Tanko duk abin da gonar za ta bayar a bana, ya kuma ba shi damin dawa daga rumbunsa. Jumare kuwa aka ce tunda shi ya kawo baƙi, shi zai sallame su, ɗaya bayan ɗaya, da hannunsa, kuma Tanko ne shugaban aiki.

Haka aka wayi gari ana ganinsa a tsugune tsakanin kunyoyi, ya rame ya yi zuru-zuru, yana tsince ƙwari da tsutsotsi yana jefawa a ruwan kananzir. Tanko na zaune a inuwar ganuwa yana ɓare gyaɗa.

"Malam Jumare, ka tsallake ɗaya. Ga shi can a bayan ganye."

Jumare ya koma ya tsince shi, bai ko gyara sunan ba.

Can da rana ta take, Tanko ya ga mutumin ya soma layi. Ya taso ya miƙa masa gorar ruwa da ɗan ƙunshin gyaɗa, ya tsuguna kusa da shi.

"Ni fa har yau akwai abin da ban ji ba. An watse ba ka faɗa mana sakamako ba. Tsakanin ƙwaro da ciyawar, wa ya ci?"

Jumare ya sha ruwa, ya goge baki. Ya dubi gonar tun daga farko har ƙarshe, ya shafa cikinsa da ya manne da baya, ya yi ajiyar zuciya.

"Kunnen doki suka yi, Tanko. Shi ya cinye maka gona, ita ta cinye mini hanji."

"To Allah ya ƙara ilimi," in ji Tanko. "Saura kunya goma sha ɗaya."